Shin salula tana sauke hakkin iyaye?

Ga tambayar da ta cancanci mu tsaya a kanta. Ɗan da ya tafi biɗa Abijan ko Legas ko Aljeriya, ya saya wa mahaifiyarsa salula ta zamani, yana aiko mata da kuɗi kowane wata, shin ya sauke hakkinta?

Kada mu yi gaggawar zargin na'urar. Kafin salula ta shigo Nijar a 2001, tsohuwa a ƙauyen Adar in tana son magana da ɗanta, sai ta nemi ɗan lakkal ya rubuta mata wasiƙa, ko ta cika kaset ta ba direba. Sirrinta yana hannun yaro, amsa kuwa sai ranar da Allah ya kawo matafiyi. Tun da WhatsApp ya kawo saƙon murya a 2013, wadda ba ta taɓa riƙe alƙalami ba tana danna wuri ɗaya ta faɗi damuwarta da bakinta, babu tafinta. Wannan mutunci ne aka mayar mata. Dattijon da idonsa ya raunana har ba ya ganin baƙaƙen Alƙur'ani yana sauraron karatu da tafsiri bisa tabarmarsa. Mai hawan jini, salula tana tuna masa lokacin magani. Kuɗin da a da ake ba matafiyi amana, yau sukan iso yini ɗaya ta Nita ko Al Izza.

Sai dai sauƙin nan bai tsaya ga uwa kaɗai ba, ya kai ga ɗan. A da rashin labari ne ke hana shi barci, har ya tilasta masa komowa gida kafin damina. Yau muryarta tana zuwa masa kullum, hankalinsa ya kwanta, shekara uku ta wuce bai taka garin ba. Alhali kowa ya san halin iyayenmu mata: "lafiya lau" za ta ce ko da ba ta iya tashi, don kada ta tayar da hankalin wanda ke ƙasar mutane. Murya ba ta nuna rama. Ko hoto aka ɗauka, fuska ake gani, ba a ganin kumburin ƙafa, ba a ganin cikin rumbu. Aya ta 23 ta Suratul Isra'i, wadda ta yi umurni da kyautata wa iyaye, ta ambaci tsufansu ne yana riskar su suna tare da ɗa. Akwai hidimar da sai hannu: tallabe tsoho ya tashi, ɗumama masa ruwan alwala, raka shi likita.

Wani zai ce: in ya komo, wa zai ciyar da gidan? Gaskiya ne, kuma neman halal saboda iyaye shi ma biyayya ne. Ba mu ce masa ya bar sana'arsa ba. Abin da muke gani shi ne salula ta kawar masa da uzurin rashin sani, saboda haka nauyinsa ƙaruwa ya yi. Ya wajaba ya kira maƙwabciya ta gaya masa abin da uwar ta ɓoye. Ya san wanda ke karɓo mata kuɗin, da ko suna isa hannunta cikakku, da wanda ke kai salular caji ranar kasuwa. Sa'an nan ya faɗa mata watan da zai zo, ya kuma zo a cikinsa.