Haƙurin Matar Soja da Bashin da Take Bin Al'umma

A watan Agusta na 2014, wasu mata da 'ya'yansu suka tare ƙofar barikin Giwa da ke Maiduguri, suka ƙona tayoyi, suka ce motocin da za su kwashi mazajensu zuwa Gwoza ba za su fita ba. Kwanaki kaɗan kafin nan ne garin ya faɗa hannun Boko Haram. Buƙatar matan ba ta da tsawo: a ba sojojin makaman da suka dace, sannan a tura su. Mai kallo daga nesa zai iya cewa wannan tsoma baki ne a harkar da ba tasu ba, tunda ba su ne suka yi rantsuwar kama aiki ba. Amma kwantar da hankali ya nuna cewa tambayar da suka tayar tsohuwa ce, kuma ta addini ce: shin matar soja tana cikin hidimar da mijinta ke yi? Idan tana ciki, me take bin waɗanda ake yi wa hidimar?

Musulunci ya fuskanci wannan tambaya tun farkonsa. Malaman tarihi sun kawo cewa Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, a zagayen da ya saba yi da dare a Madina, ya ji wata mata a ɗakinta tana kukan kaɗaici. Da ya bincika, sai aka ce mijinta ya daɗe a fagen daga. Bai aika mata da wa'azin haƙuri ba. 'Yarsa Hafsa, Uwar Muminai, ya je ya tambaya iyakar lokacin da mace za ta iya jure rashin miji, sannan ya rubuta wa kwamandojinsa cewa kada a riƙe mayaƙi ya wuce wannan wa'adi. Wasu ruwayoyin sun ce wata huɗu, wasu sun ce shida. Ko wanne aka ɗauka, kukan mace ɗaya a tsakar dare ya sauya tsarin rundunar da ke gwabzawa da Farisa da Rum.

Umar bai ƙago wannan daga kansa ba. A hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Zaidu ɗan Halid, Annabi (SAW) ya daidaita ladan wanda ya kula da iyalin mayaƙi da alheri da ladan wanda ya fita yaƙin. A wani hadisin na Muslim, an ɗora wa waɗanda suka zauna a gida kiyaye mutuncin matan mayaƙa kamar yadda suke kiyaye na iyayensu mata. Ga kuma Sayyidina Usman, wanda bai halarci Badar ba saboda jinyar matarsa Ruƙayya, amma aka ba shi kason ganima, aka lissafa shi cikin mutanen Badar. Ma'anar a fili take. Gidan da mayaƙi ya baro wani ɓangare ne na fagen, kuma nauyinsa ya rataya a wuyan maƙwabci da ɗan'uwa da mai mulki.

Fiƙihun Malikiyya, wanda da shi alƙalan ƙasar Hausa suka tashi, ya bi lamarin har ƙarshensa mai ɗaci. Imam Malik ya kawo hukuncin Umar a Muwaɗɗa game da matar da mijinta ya ɓace, ba gawa ba labari: ta jira shekara huɗu, ta yi idda ta wata huɗu da kwana goma, sannan ta sami damar yin aure. Shari'a ba ta yarda a bar mace a rataye har abada da sunan biyayya ba.

Abin takaici shi ne, a bakin Bahaushe kalmar bariki kanta ta daɗe da ɗaukar wari. Idan aka ce wance 'yar bariki ce, kowa ya san ba yabo ake yi ba. Matar da ta bi mijinta zuwa gidan da gwamnati ta ba shi takan kwashi wannan ƙurar ba tare da laifin tsaye ko na zaune ba. Alhali alaƙar Hausawa da aikin soja ta girmi Najeriya kanta. Rundunar da Laftanar John Glover ya haɗa a Legas a 1863, wadda sojojin ƙasar ke ɗauka a matsayin tushensu, da sunan Hausawa aka san ta. Sunayen barikokin ma tarihin rabuwar miji da mata ne: Dalet a Kaduna da Dodan a Legas daga yaƙin ƙasar Bama suka samo suna, Bukavu ta Kano kuma daga aikin kiyaye zaman lafiya a Kongo a farkon shekarun 1960. Duk sojan da ya je waɗancan wurare ya bar wata a baya tana ƙirga watanni.

Wanda ya taɓa shiga layin ƙananan sojoji da yamma ya ga yadda hidimar take. Ɗaki da falo ne, an jera bokitai a bakin famfo, yara na ta guje-guje suna cakuɗa Hausa da Turancin bariki. Uwar gida na tuƙa tuwo da hannu ɗaya, wayarta na kan turmi kusa da ita, domin maigida yana wurin da sabis ba ya samuwa sai an hau tudu, kuma ba ta san sa'ar da zai kira ba. Ita ce mai biyan kuɗin makaranta, ita ce mai kai yaro asibiti da tsakar dare, ita ce mai amsa wa surukarta a waya cewa lafiya lau, ko da ita ma ta yi sati uku ba ta ji muryarsa ba. Idan aka tambayi 'ya'yanta garinsu, sai su ɗan yi jim: an haifi babban a Jos, na biyun a Sakkwato, autan a Fatakwal. Ita ce ke riƙe musu zaren asali, da harshen da take yi musu a ɗaki, da tafiya gida da salla idan hali ya yi.

Matan ba su zauna jiran a tausaya musu ba. A barikoki akwai magajiya, shugabar matan sojoji, mai sasanta rigima da jagorantar gaisuwar mutuwa da barka. Akwai ƙungiyar NAOWA ta matan hafsoshi da NASWA ta matan ƙananan sojoji. Kasuwar mami da ke kowane bariki a yau ta samo suna ne daga Mami Ochefu, matar wani ƙaramin soja da ta fara sayar da kunu a barikin Abakpa na Inugu a 1959 don ta tallafa wa albashin mijinta, Anthony Ochefu, wanda daga baya ya zama gwamnan soja a 1975.

Ranar da ake tsoro kuwa takan zo. A 14 ga Maris na 2024 aka kashe sojoji 17 a Okuama ta jihar Delta. Wajen jana'izarsu a Abuja, Babban Hafsan Sojin Ƙasa na lokacin, Laftanar Janar Taoreed Lagbaja, ya ce sun bar mata 10, uku daga ciki da juna biyu, da marayu 21. Shugaban ƙasa ya yi wa iyalan alkawarin gidaje da tallafin karatu. Wannan ya yi kyau, amma waɗanda suka faɗi ɗaya-ɗaya a dazukan Borno da Zamfara ba tare da kyamara ta gani ba sun ninka haka nesa ba kusa ba. Matar kowane ɗayansu, da ta gama takaba, sai ta fuskanci barin gidan bariki, da zirga-zirgar takardun haƙƙin mamaci, wani lokaci har da ɗan'uwan miji da ya ga sunansa a takardar makusanci ya ɗauka duk kuɗin nasa ne. Shari'a ta yanka wa matar mamacin da ya bar 'ya'ya tumunin dukiya, ta ba 'ya'yan kasonsu, kuma babu takardar ofis da ke goge wannan.

Kowace 15 ga Janairu ana ajiye furanni ana sakin tattabaru don tunawa da 'yan mazan jiya. Limaman da ke yi wa sojoji addu'a a Juma'ar wannan mako su haɗa da karanto wa jama'a hadisin Zaidu ɗan Halid da hukuncin Umar, masu tsara canjin dakaru su dubi tsawon lokacin da suke riƙe miji a daji, dangin mamaci kuma su miƙa wa matarsa da marayunsa gadonsu ba tare da sai an kai gaban alƙali ba.