Ɗan Koyo Ne Ko Bara?

In makarantu suka rufe don babban hutu, iyaye da yawa a Maraɗi da Damagaram da Tawa sukan kama hannun ɗansu na kwaleji ko na lise, su kai shi gareji, ko wurin tela, ko kafinta, ko mai walda. Su ce wa mai sana'ar, "Ga yaro nan, a koya masa." Wannan abu ne mai kyau, gama takardar makaranta ba ta ba kowa aikin ofis, sana'a kuwa ba ta barin mai ita da yunwa. Manzo Bulus ma ya yi karatu mai zurfi wurin Gamaliyel, duk da haka a Koranti da ɗinkin alfarwa ya ci abinci. Amma akwai tambayar da ba mu cika yi ba. Yaron nan zai yi watanni yana aiki daga safe har yamma, ba albashi. Wannan adalci ne?

Amsar ita ce, adalci ne in ana biyansa da abin da ya zo nema. Ladan ɗan koyo shi ne iyawa. Ya ba da ƙarfinsa da lokacinsa, maigida kuwa ya ba da saninsa. Ciniki ne, ko da kuɗi bai shiga tsakani ba. Saboda haka maigidan da ya karɓi aikin yaro, ya aike shi ɗibar ruwa da sayen shayi da wankin kwano har hutu ya ƙare, bai taɓa nuna masa yadda ake kwance inji ko yanka yadi ba, ya karɓi kaya bai biya ba. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski.

Mutanen dā sun gane wannan. A dokokin Hammurabi, sarkin Babila, wanda ya yi mulki wajen shekara 1750 kafin haihuwar Almasihu, an tanadi cewa in mai sana'a ya ɗauki yaro ya goya, ya koya masa sana'arsa, ba mai ƙwace yaron daga hannunsa. In kuwa bai koya masa ba, yaron yana da iko ya koma gidan ubansa. Wato koyarwa ce kaɗai ta ba maigida iko a kan yaro.

Inda aka manta da haka, sunan koyo yakan zama mayafin zalunci. A Ingila, lokacin da masaƙun auduga na inji suka fara yawa, an riƙa kwasar marayu da ƴaƴan matalauta ana kai su can da sunan ƴan koyo, alhali aikin wahala kawai suke yi. Abin ya yi muni har majalisar ƙasar ta kafa doka a 1802, ta ce kada aikinsu ya wuce awa 12 a yini, a kuma koya musu karatu da rubutu da lissafi. Ya mai karatu, in awa 12 ita ce sauƙin da aka yi musu, sai ka auna abin da suke sha kafin dokar.

To, bari mu saurari maigida, gama shi ma yana da magana. Zai ce, "Sabon yaro hasara ne. Yana karya allura, yana ɓata katako, yana cin lokacina." Gaskiya ne, shi ya sa ba laifi in yaro ya fara da shara da miƙa kayan aiki. A nan ake koyon haƙuri da ladabi da sanin sunan kowane ƙarfe. Amma shara ƙofa ce, ba ɗaki ba, ba a barin baƙo a bakin ƙofa har shekara. Zai kuma ce, "Ni ma haka aka yi mini." Wahalar da aka ba ka ba gado ba ce da ya wajaba ka raba wa na bayanka. Akwai dalili na uku wanda ba a faɗa da baki, wato tsoro: in yaro ya iya, zai buɗe shago kusa ya kwashe masu ciniki. Wannan tsoro shi ke sa a ɓoye asirin aiki. Amma wanda ke tsoron yaro ya iya, bai kamata ya karɓe shi da sunan koyo ba tun farko. Ya ɗauki ma'aikaci ya biya shi.

Sau da yawa matsalar takan fito daga zumunci. Mai sana'ar kawu ne ko maƙwabci ko ɗan'uwa a ikilisiya, sai a ji kunyar yin magana dalla-dalla. Littafin Farawa ya nuna mana ƙarshen irin wannan. Yakubu ba ɗan koyo ba ne, amma ya yi wa kawunsa Laban kiwo shekara 20. An yaudare shi a kan aure, an yi ta sāke masa lada, a ƙarshe da gudu suka rabu. Zumuncin da ba gaskiya a cikinsa, mai ƙarfi kaɗai yake wa amfani.

Ƙasar Jamus ta bi wata hanya da za mu iya koyi da ita. Bisa dokar da ta kafa a 1969, ɗan koyo yana da yarjejeniya a rubuce, ana kuma ba shi ɗan kuɗi kowane wata. Yakan yi kwana uku ko huɗu a wurin aiki, kwana ɗaya ko biyu a makaranta, har shekara biyu zuwa uku da rabi. A ƙarshe ƙungiyar masu sana'a ce ke yi masa jarrabawa, ba maigidansa kaɗai ba. Ashe ranar jarrabawa mutum biyu ake aunawa, yaro da wanda ya koya masa.

Ba sai mun jira dukiyar Jamus kafin mu yi gaskiya ba. Ranar da uba ya kai ɗansa, a zauna gaban shaidu biyu a faɗa a fili: abin da za a koya masa, awa nawa zai yi, wa zai ciyar da shi, da ranar da zai koma makaranta. Uba ya riƙa leƙawa yana tambayar yaro abin da hannunsa ya iya, kada ya tsaya ga gaisuwa. Yaro kuma ya san nasa bashin: ya zo da wuri, kada ya taɓa abin da ba nasa ba, kada ya rena maigida don bai yi lakwal ba.

Kai kuma mai sana'a, ka tuna Ubangijinmu da kansa an san shi a Nazarat da sassaƙa, kuma ba a haifar jariri da gizago a hannu. Yaron da aka kawo maka amana ce. Ranar da ka yaye shi ya tsaya da ƙafarsa, a ranar ce ka gama biyan bashinka.