Dillali da Mai Zane: Shin Alheri Yana Sayen Amana?

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana yi mini kai-kawo a zuciya, wato shin wanda ya tallafi mai fasaha a ranar wuya, ya samu ikon yin yadda ya ga dama da aikinsa? Zan so mu duba ta cikin labarin wani mai zane da dillalinsa a ƙasar Faransa.

Mai zanen shi ne Fernand Léger, wanda aka haifa a 1881. Tun kafin Yaƙin Duniya na Farko ya fara irin zanen nan da ba ya kwaikwayon kamannin mutum ko dabba, sai dai launuka da da'irori da layuka. A 1916, ya zo hutu birnin Faris daga fagen fama, sai ya ga fim ɗin Charlie Chaplin. Yadda jikin ɗan wasan ke motsi kamar inji, da yadda majigi ke yanka hoto gunduwa-gunduwa, suka ratsa shi ƙwarai, har suka bayyana a aikinsa. A 1924 ma shi da Dudley Murphy suka shirya fim mai suna Ballet mécanique, wanda ba shi da labari, sai kayan girki da injuna da fuskoki suna juyawa.

To, irin wannan zane wa zai saya? Dillalinsa na farko, Daniel-Henry Kahnweiler, Bajamushe ne, saboda haka da yaƙi ya ɓarke a 1914 sai gwamnatin Faransa ta ƙwace duk hajarsa. Nan fa masu zane suka shiga halin ƙaƙa-nika-yi. Wanda ya share musu hawaye shi ne Léonce Rosenberg. Shi da ƙanensa Paul sun gaji dillancin kayan fasaha daga mahaifinsu Alexandre, suka yi aiki tare har 1910, sannan kowa ya kama gabansa. Léonce ya zuba dukiyarsa wajen sayen zanen da kasuwa ba ta so, ya kuma shirya wa Léger baje koli a 1919. Babu shakka wannan alheri ne.

Amma daga 1921 zuwa 1923 gwamnati ta yi gwanjon ɗaruruwan zane-zanen da aka ƙwace wa Kahnweiler, kuma Léonce ne ya karɓi aikin ƙwararren da ke kula da gwanjon. Kaya suka yi wa kasuwa yawa, farashi ya faɗi warwas, guminsu Léger ya tafi a arha. Wani mai zane, Georges Braque, ya fusata har ya kai wa Léonce duka a zauren gwanjon.

A nan ne tambayarmu take. Wani zai ce ai ko da Léonce ya ƙi, gwamnati za ta samu wani, kuma gara wanda ya san darajar kayan. Wannan hujja tana da ƙarfi, ba na raina ta. Sai dai ni a ganina ba ta wanke shi ba. Dillali amana biyu yake riƙe da su, ta mai saye da ta mai kaya. Wanda ya gaji sana'ar a gidansu kuwa ya fi kowa sanin cewa in aka zube haja a kasuwa rana ɗaya, karyewa take yi. In kuwa ya yi zaton farashin zai tashi ne, to ya yi caca da abincin wasu ba da izininsu ba. Alherin jiya ba lasisi ba ne na cutarwar yau, domin da zarar mai kyauta ya fara lissafin abin da kyautarsa ta halatta masa, ta tashi daga kyauta ta koma bashi.

Haka nan su ma masu zanen ba su fita fes ba. Picasso ya koma wurin Paul tun 1918, daga baya Braque da Léger suka bi sahu, suka bar wanda ya ɗauke su lokacin da ba mai kallonsu. Léonce ya rasu a 1947, bayan karayar arziki da dokokin ƙin jinin Yahudawa sun rufe masa shago. Ashe butulci ma hanya biyu gare shi.

Mu marubuta wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Da yawa daga cikinmu wani ɗan kasuwa ne ya fara buga mana littafi da kuɗinsa. Ya cancanci godiya har abada, amma godiya daban, mallaka daban. Kada kunya ta hana mu rubuta yarjejeniya, kada kuma ɗaukaka ta sa mu manta da wanda ya riƙe mana tsani. Allah ya sa mu zama masu riƙon amana, amin.