Fari Biyu

Wani magidanci ya gina wa amaryarsa ɗaki, ya kira mai fenti. Mai fenti ya kawo gwangwani biyu, dukansu farare, amma ba fari fat ba. Ɗaya ya ɗan yi ruwan madara, ɗayan kuwa ya karkata wajen toka. Magidanci ya duba, ya sake dubawa, sa'an nan ya zaɓi mai ruwan madara, ya biya kuɗi, ya tafi gona.

To, mai ruwan tokan nan ya fi araha. Sai mai fenti ya ce a ransa, "In na shafa wannan na riƙe ragowar kuɗin, wa zai gane? Shi kansa da ƙyar ya bambanta su."

Shin wannan cuta ce? Waɗansu za su ce a'a, tun da ɗaki zai yi haske, amarya ta tare lafiya. Lalle da dare, a hasken fitilar kananzir, farin biyu sukan zama kamar ɗaya, ko da yake hantsi yakan raba su. Amma a ce hantsin ma bai raba ba. Magidancin nan bai tsaya a kan mai fenti yana gadi ba, gama ya amince da shi, kuma amincewar nan ce mai fenti yake shirin sayarwa a kan 'yan kuɗi kaɗan. Da bambancin babba ne, kamar baƙi da fari, tsoron tonon asiri ya isa ya hana shi. Da yake ƙarami ne, babu mai tsaron gwangwanin nan sai shi kansa, ga mai ɗaki yana can gona sai la'asar.