Bashin Harshe

Shekara goma sha bakwai wata Bafulatana tana kawo nono gidanmu a Hunkuyi. Da mahaifiyata ta fara ciniki, da Allah ya yi wa tsohuwa rasuwa sai cinikin ya koma hannun maiɗakina. Da Hausa muke gaisawa, da Hausa ake tayi, da Hausa ta yi mana ta'aziyya. Daminar bara jikanta ya kamu da zazzaɓi mai zafi, na ɗauke su a babur zuwa asibiti. Muna zaune a kan benci jikin yaron ya fara sanƙarewa, sai Hausa ta ɓace daga bakin matar nan ƙaf. Ta rungume shi tana sambatu da Fulatanci, tana waiwayo ni tana nanata kalma guda. Ga Hausa a bakina, ga Turancin da na shekara ashirin da shida ina koyarwa a firamare, amma na kasa gane abin da take roƙo. Wani yaro mai sayar da rake a bakin ƙofa ne ya leƙo ya ce, "Malam, ruwa take so ta shafa masa." Ndiyam. Sunan ruwa ke nan a harshenta, kuma shekara goma sha bakwai ban taɓa tambaya ba.

Yaron ya samu lafiya, alhamdu lillahi. Amma tun ranar nake juya tambaya ɗaya: idan harsunan da kake da su sun isar maka, ka fita haƙƙin maƙwabcinka ke nan?

Mu mutanen Kudan da Makarfi da Ikara mun samu sauƙin da ba mu san farashinsa ba. Inyamurin da ke da kemis a Ikara da Hausa yake gaya maka a sha biyu safe biyu yamma. Bayaraben da ya zo lodin tumatir zuwa kasuwar Mile 12 a Legas da Hausa yake ciniki da dillali. Ɗaliban Bajju da Atyap da ke karatu a kwalejin lafiya ta Makarfi da Hausarsu suke zuwa tun daga kudancin Kaduna. Inda Hausa ta tsaya, Turanci ya karɓa: fom ɗin banki, jarrabawa, takardar kotu. Tsarin mulkin 1999 ma, a sashe na 55, ya sa Hausa cikin harsuna uku na gida da za a iya amfani da su a Majalisar Tarayya tare da Turanci. A ƙasar da ake ƙiyasta harsunanta sun haura 500, Bahaushe zai iya girma, ya yi aure, ya tsufa bai buƙaci na uku ba. Ba mu kaɗai ba ne. A Luksambur, ƙaramar ƙasar Turai mai harsunan hukuma uku, baƙo mai Jamusanci da Turanci zai iya yin aikinsa da cefanensa shekaru, bai koyi harshen da 'yan ƙasa ke rarrashin 'ya'yansu da shi ba.

Sai dai duk sauƙin da ka ji, wani ne ya ɗauki nauyin. Shi ya lanƙwasa harshensa, shi ya sha kunyar kuskure. Kuma da me muke saka masa? In ya ce "yarinya ya zo" mu yi dariya mu ce gwaranci. Mu haɗa Bajju da Adara da Kurama da Gbagyi a buhu ɗaya mu ce "ƙabila". Wannan ɗabi'a tana ci mini rai, domin mutumin da muke wa dariya harshe uku ko huɗu yake ji.

Da na kawo maganar a majalisarmu bayan la'asar, wani aminina, manomin rake, ya ce, "Malam, harshe ai fartanya ce. Sun koya ne don neman abincinsu, ba wanda ya tilasta su. Cikin ɗari biyar wanne za ka ɗauka? In lokaci gare ka, ka ƙara Larabci." Akwai gaskiya a maganarsa. Ban san malamin da ya ce koyon Fulatanci farilla ne ba, kuma Larabci yana gaba wajen ibada. Inda muka rabu shi ne fartanyar. Aya ta 22 a Suratur Rum ta lissafa bambancin harsunanmu cikin ayoyin Allah, a jere da halittar sammai da ƙasa. Abin da aka kira aya ana tsayawa ne a yi tunani a kansa, ba a jingine shi a zaure kamar kayan noma. Aya ta 13 a Suratul Hujurat kuma ta nuna hikimar rarraba mu dangi-dangi ita ce sanin juna. Juna aka ce. Idan Bafulatanar nan ta san sunan kowane ɗana da kalmar da nake kiran ruwa, ni kuwa iyakata kuɗin ƙwarya, to ita ta san ni, ni ban san ta ba.

Magabata ba su tsaya a "ya ishe ni" ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Zaidu ɗan Sabitu ya koyi rubutun Yahudawa, ya kuwa koye shi cikin kimanin rabin wata. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yana da Fulatanci da Larabci, sun ishe shi zama da malamai, amma ya yi wa talakawa wa'azi da Hausa. 'Yarsa Nana Asma'u ta rubuta waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, tana aika jajis, wato malamai mata, ƙauyuka su koyar da mata da harshen da matan ke ji. Kakanninmu mata da yawa ta wannan hanya addini ya iso musu, daga Bafulatanar da ta tako zuwa harshensu. Wannan ne bashin da nake nufi. Ko Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya shiga Kano a 1851 da sunan Abdulkarim, sai da ya koyi Hausa da Barbarci a tafiyarsa.

Yanzu duk ranar da mai nonon ta sauke ƙwarya a tsakar gida, nakan fito da ɗan littafi. Kosam, nono. Nagge, saniya. Mi yetti, na gode. Ranar farko da na gaishe ta da "jam waali" ta ɗora hannu a baki, ta daɗe tana kallona kafin ta ce "jam tan". Ban kai kalma sittin ba tukuna, kuma tana gyara mini lafazi ba tare da ta yi dariya ba ko sau ɗaya.

Ina roƙon malaman islamiyya da na boko a yankinmu: a kowane aji akwai yaron da ba Hausa ake yi a gidansu ba. Ku ba shi minti biyar ya koya wa sauran gaisuwa da sunan ruwa da yadda ake cewa "ina ke maka ciwo". Kai kuma mai karatu, ka zaɓi maƙwabci ɗaya, ka tambaye shi yadda ake gaisuwar safe a gidansu.