Akuya Mai Ciwo a Kasuwa: Ceton Dukiya ko Cin Amana?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, a ƙasar Magarya da Dungas, cikin jihar Damagaram, da wuya mu shiga gida ba mu iske akuya ko tunkiya a turke ba. Ita ce asusun talaka. Da ita uwa ke yi wa ɗiyarta kayan ɗaki, ita ake saidawa a auno hatsi idan rumbu ya ƙare kafin kaka.

Akwai annobar awaki da tumaki wadda malaman dabbobi ke kira PPR, an fara gane ta a ƙasar Kodebuwa a 1942. Alamunta su ne zazzaɓi, majina, kwantsa, gyambo a baki, tari da zawo. Ba ta kama mutum, amma tana iya share mafi yawan garken da ba a yi wa rigakafi ba. Tana yaɗuwa inda bisashe ke cuɗanya: bakin rijiya, makiyaya da kasuwa.

To, ga tambayarmu. Mutum ya wayi gari akuyarsa biyu sun mutu, sauran sun fara majina. Sai ya goge musu hanci, ya kora su kasuwa, wataƙila har Maigatari ranar Alhamis, ya saida kafin su faɗi. Idan muka tsawata masa, sai ya ce: dukiyata ce, ina da iyali, kuma ciwo daga Allah ne.

Ba mu raina uzurin talauci ba, domin rashin akuya biyar ga wanda ba shi da ta shida babbar jarrabawa ce. Amma mu duba: asarar ba ta gushe ba, ɗaukar ta ya yi ya aza wa ɗan'uwansa. Wanda ya saya ba akuya ɗaya zai rasa ba, zai kai cutar ga garkensa da na maƙwabtansa. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya hana mai raƙuma marasa lafiya ya kawo su mashaya tare da masu lafiya. Muslim kuma ya ruwaito kakkausan gargaɗinsa ga mai ha'inci, lokacin da ya iske abinci jiƙaƙƙe an ɓoye a ƙarƙashin busasshe. Malaman fiƙihunmu na Malikiyya sun wajabta bayyana aibin haja, sun ba mai saye damar maido ta.

Amma zancen ƙaddara, Sayyidina Umar (R.A.) ya ishe mu. Da ya ji annoba ta faɗa Sham, sai ya juya da jama'arsa, ya kafa hujja da makiyayi mai kwari gefe biyu, ɗanye da busasshe: duk inda ya kiwata, cikin ƙaddarar Allah yake. Saboda haka riƙon sababi ba ya warware tawakkali.

Sababin kuwa yana hannu. Akwai allurar rigakafi mai kare bisa shekaru. Da irin wannan hanya aka kawar da bushiyar shanu daga duniya a 2011, kuma a 2015, a Abijan, ƙasashe suka ƙudura kawar da wannan annoba nan da 2030.

Don haka, mu fito da bisashenmu duka idan malaman dabbobi suka zo allura. Mu ware mai ciwo, mu sanar da su, mu binne mushe. Wadda muka sayo, mu turke ta daban na wasu makonni. Wanda kuma ya haƙura ya tsare garkensa don kada ya cuci jama'a, wajibi ne mu tallafa masa da sadaka, kada gaskiyarsa ta zame masa yunwa.

Allah Ya azurta mu da halal, Ya tsare mu daga cin haƙƙin bayinSa. Amin.