Bimbinin Safiya: Asuba a Masaukin Bakin Teku



A watan Agusta, lokacin da mutanen Yauri ta ƙasar Matamaye suke duƙe a gonakin gero suna maimai, akwai 'ya'yan yankin nan da ke kwana a Lome, can bakin teku. Wasu sun je fito da kaya ko mota daga tashar jiragen ruwa, don tun da aka rufe iyakar Nijar da Binin a 2023 hanyar Kwatano ta yi wuya, 'yan kasuwa da dama suka karkata zuwa Togo. Wasu kuma ma'aikata ne da suka kai iyalinsu babban hutun makaranta. A irin wannan lokaci otal-otal ɗin gaɓar teku cika suke yi, kuɗin ɗaki ya hau, ana kiɗa da ciye-ciye har dare ya raba.

To, ɗan'uwa, ka ɗauka kai ne a ɗakin irin wannan otal. A gida ba ka da yadda za ka yi ka makara. Ladan yana kira a bakin zaurenka, Inna tana buga ƙofa, kuma in sahu ya tashi babu kai, kafin hantsi an zo duba lafiyarka. A otal kuwa ƙofa a kulle, labule a ja, na'urar sanyaya ɗaki tana ta gunji, mai gadi bai san sunan mahaifinka ba balle ya tambaye ka salla. A nan mutum yake gane ko don Allah yake tashi, ko kuwa kunyar maƙwabta ce take ɗaga shi duk shekarun nan.

Shari'a ba ta ƙuntata wa matafiyi ba. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta, wanda ya yi tafiyar da ta kai mil 48 yana mayar da azahar da la'asar da lisha raka'a bibbiyu, sai fa in ya ƙudurta zaman kwana huɗu cikakku, sannan ya koma cikawa. Amma duba, asuba ba a taɓa ta ba. Raka'a biyu ce a gida, raka'a biyu ce a hanya. Kuma hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira ya nuna cewa mala'ikun dare da na rana a sallar asuba da ta la'asar suke haɗuwa, masu hawa sama kuma a tambaye su halin da suka baro bayi. Ba a ce tambayar tana tsayawa don bawa yana hutu ba.

Uzurin ruwa ma bai tsaya ba. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa wani matuƙin teku ya kai kuka wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kan ƙarancin guzurin ruwansu, aka ba su damar alwala da ruwan teku. Mu da muka saba jan guga a rijiya mai gaba da yawa, ga shi an shimfiɗa mana ruwan tsarki iya ganin ido. Sai dai a tsaya daga gefe, don igiyar ruwan Lome ba ta wasa. In ka fuskanci alƙibla, wato gabas da ɗan karkata arewa, teku zai kasance a damarka.

Abu guda da ke ruɗa baƙo shi ne agogo, domin Togo tana bayan Nijar da awa ɗaya. Ka tambayi lokacin salla tun da dare, ka saita wayarka, ka kwanta da wuri ko da ana ta shagali a ƙasa.

Ku kuma da kuke gida, lokacin da kuke sallamewa a Yauri, alfijir yana gab da ketowa a Lome. Wanda yake da ɗa ko ƙane a can, ya ɗauki waya yanzu ya tashe shi. Allah Ya dawo mana da su lafiya, Ya ba mu damina mai albarka.